Martani: Ba Tamostat Ne Ya Kar Zomon Ba

A wata fitowar jarida na karanta rubutun wani ɗan uwa marubuci a kan motar da injinta ke ɗaukar zafi ana cikin tafiya. Ya sosa wa mutane da yawa inda ke yi musu ƙaiƙayi, musamman in bazara ta kankama, kuma na yaba masa a kan zaɓen batun. Sai dai magungunan da ya rubuta mana duk na taɓa shan su, na kuma san ɗacinsu. Ya ce da zarar ka sayi motar Kwatano ka wuce da ita gareji a cire tamostat, domin a ganinsa Turawa sun saka shi ne saboda ƙanƙarar ƙasarsu. Ya ce a sa rewaya ya haɗa fanka kai tsaye, ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota har a kashe ta. Ya ce sayen kulant ɓarnar kuɗi ce, ruwan famfo ya wadatar. Ya rufe da cewa in allura ta haura a hanya, a tsaya a buɗe lagireto a ɗura ruwan sanyi a ci gaba.

Ba shi ya ƙirƙiro wannan magana ba. Ita ake yi a gindin kowace darbejiya da kanikawa suka kafa gareji, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Fanteka a Kaduna. Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne, in magana ta fito daga bakin bakanike mai mota yakan yi ɗan tantama, amma in ta fito a jarida sai ta zama fatawa.

Bari in fara da abin da ya same ni. Shekarun baya na sayi Corolla 'yar Kwatano. Ranar juyen baƙin mai na farko, bakaniken da na kai wa ya kwance wani abu kusa da ƙasan injin, ya miƙo mini ɗan ƙarfe mai sifirin wanda bai fi murfin kwalbar man shafawa girma ba, ya ce, "Alhaji, ga wannan, ka ajiye ko ka yar. Ba na ƙasarmu ba ne." Na naɗe shi a leda na jefa aljihun gaban mota. Ya zubar da jan ruwan da ya tarar a lagireto, ya cika da ruwan jarkar da yaransa suka ɗebo a burtsatse. Na yi kusan shekara biyu allurar zafi ba ta cika barin ƙasa ba, ni kuwa ina yi wa abokai alfahari cewa motata ba ta san zafi ba.

Wata rana cikin Afrilu na kama hanyar Kaduna da iyali. Mun wuce Kwanar Dangora kenan na ga allura ta tsallake rabi, abin da ban taɓa gani ba. Kafin Tashar Yari ta kusa taɓa ja. Na tsaya, na sayi fiya wata, na yi daidai abin da marubucin nan ya ce a yi. Leda goma sha huɗu lagireton ya sha. A Zariya ya ƙara shan tara. Muna shiga Jaji motar ta fara kakkarwa, farin hayaƙi yana tuɗaɗa daga salansa, daga nan sai igiya. Gasket ya ƙone, tof silinda ya lanƙwashe. A ranar da duk wannan ya faru, tamostat ɗin motar yana aljihun gaba a cikin ledarsa, tare da tsofaffin rasiɗai. In da shi ne mai laifi, to da motar da ba ta da shi ba ta ƙone ba.

Tamostat ƙofa ce kawai tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai ɗan curin kaki da ke narkewa ya kumbura in ya ji zafi, ya tura sandar ƙarfe, ƙofa ta buɗe. Da safe in ka tayar da mota ƙofar a rufe take, ruwa yana zagaye cikin inji kaɗai har ya ɗumama. A yawancin Toyota da muke hawa ƙofar tana fara buɗewa wajen digiri 82 na Salshiyas, adadin ma a buge yake a jikin ƙarfen, kowa na iya dubawa. Na motocin Jamus sukan jira sai 87 ko sama da haka. Kafin a kai 95, ta Toyota ta wangale gaba ɗaya, ruwa yana wucewa lagireto ba mai tare shi. Motar da allurarta ta kai ja kuwa ta haura digiri 110. Ina son marubucin ya gaya mana, ƙofar da ta daɗe a wangale, ta yaya ɓalle ta zai ƙara wa ɗaki iska?

Maganar cewa kayan ƙasar sanyi ne ita ce ta fi ba ni mamaki, domin akwai alhazai a cikinmu. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. A Kuwait an auna 53.9 a watan Yuli na 2016. Zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai, da kan haura 40 a Afrilu da Mayu, ƙane ne a wurin waɗannan. Hilux da Land Cruiser da kamfani ke ƙerawa musamman don ƙasashen Larabawa, masu keta sahara da esi a kunne, duk da tamostat suke fitowa. Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, wadda iyayenmu suka yi haya da ita har ta zama abin kwatance a juriya, da tamostat take barin masana'anta, kuma waɗanda suka harhaɗa ta sun san Kaduna ba Faris ba ce.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne inji yana da zafin da yake so, kamar yadda tanderun gurasa yake da nasa. An auna fistin da ringi da kaurin baƙin mai ne a kan injin da ruwansa ke kusan digiri 90 zuwa 100. Motocin yanzu kuma suna da kwamfutar da kanikawa ke kira biren-bos, wadda ke karanta zafin ruwa ta yanke yawan fetur da za a fesa. Muddin ta ga inji da sanyi, ƙara fetur take yi, aikin da cok yake yi a zamanin kabireta. Motar da aka cire wa tamostat, musamman da asubar hunturu a kan doguwar hanya, takan daɗe ba ta kai zafinta ba, biren-bos kuwa yana ta zuba fetur yana jiran ɗumin da ba ya zuwa. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Raɓar da ke taruwa cikin inji ba ta samun zafin da zai kore ta, sai ta haɗu da mai su zama baƙin kunu. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 ana iya kau da kai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tsallake 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024, ban san mai motar da zai so ya riƙa biyan kuɗin sanyin da ba ya amfana masa komai ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan. A injuna da yawa tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa. In babbar ƙofa ta buɗe, wannan faifan yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. Ka cire tamostat, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe har abada, wani kason ruwan zafi ya riƙa yanke ya dawo bai huce ba. A irin wannan inji cirewar da aka yi don neman sanyi ita ce take kawo zafi lokacin da mota ta ɗauki kaya. Garin neman gira an rasa ido.

Zan yi wa marubucin adalci a nan. Tamostat yana lalacewa, kuma in ya maƙale a rufe, mota za ta tafasa cikin mintuna kaɗan alhali lagireto yana da sanyi. Wanda haka ta same shi a daji, ya jira inji ya huce ya cire shi don ya isa gari, ya yi daidai. Kuma na san dalilin da ya sa kanikawa da yawa suka yanke ƙauna da shi: kasuwa ta cika da jabu, ka saka yau ya maƙale bayan wata uku, mai mota ya dawo yana zagi. Amma wannan hujja ce ta neman mai kyau. Gwada shi ma ba ya buƙatar na'ura. Dattijon bakaniken da ya gyara mini injin bayan waccan tafiya ya karɓi ledar daga hannuna, ya ɗaura wa tamostat ɗin waya, ya tsallaka wurin mai shayin bakin gareji ya ce a ara masa tukunya. Muka tsuguna muna kallo. Ruwa ya fara ƙananan kumfa a gindin tukunya, bai kai ga tafasa ba, sai ga bakin ƙarfen yana rabuwa a hankali har ya buɗe kusan faɗin ɗan yatsa. Ya ciro shi ya ajiye a kan benci, yana hucewa yana rufewa. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wannan lafiyarsa ƙalau. Shekara biyu ka ɗaure marar laifi."

Mai laifin ya nuna mini shi da yamma, bayan mai gyaran lagireto ya ɓalle tankin sama. Fiye da rabin siraran bututun a toshe suke da wani abu ja-ja mai kama da busasshen laka. Wannan ya kawo mu maganar ruwan famfo. Gaskiya ne, kuma ban ga amfanin musun abin da yake gaskiya ba, cewa tsurar ruwa ya fi kulant kwasar zafi. Amma kowace uwar gida ta san farin dattin da ke kama cikin butar da ake dafa ruwan rijiya kullum. Abin da ke faruwa cikin lagireto kenan, sai dai bututunsa ba su kai bakin buta faɗi ba. Ga tsatsa kuma, domin cikin inji akwai baƙin ƙarfe da alminiyam suna jiƙe a ruwa ɗaya, kuma ba abin da ke hana su cin juna sai sinadaran da ke cikin kulant. Fukafukan famfon ruwa na ƙarfe sukan cinye har su zama kamar tsohon lauje, famfo yana juyawa amma ba ya tura komai. Kulant da aka haɗa rabi da rabi da ruwa mai tsabta ba ya tafasa sai wajen digiri 107, ruwa zalla kuwa 100. Wanda ya ga kuɗin ya yi masa yawa, ya tambayi kuɗin gasket da gogen tof silinda da kwana biyar ba mota. A kula dai, kulant guba ne kuma yana da zaƙi, kada a bar ragowarsa a robar lemo inda yara ko dabbobi za su kai.

Abin da marubucin bai ambata ko sau ɗaya ba, kuma shi ne mafi arha a duk wannan harka, shi ne murfin lagireto. Mutane suna ɗaukar sa kamar murfin jarka. A jikinsa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, ma'aunin matsin da yake riƙewa kenan, kuma wannan matsi shi ke hana ruwa tafasa har sai ya kai wajen digiri 120. In robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa a zafin da inji mai lafiya ke kaiwa a gosulo, ya riƙa tserewa ta robar ajiya kaɗan-kaɗan, mai mota yana ƙari kullum safe yana cewa motarsa tana shan ruwa. Direbobin hanyar Jos sun fi kowa sanin wannan. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, inda ruwa a buɗe ke tafasa wajen digiri 96. Mota mai mataccen murfi da ta ɗauko fasinja ta hau Hawan Kibo a giya ta biyu, da ƙyar ta kai sama ba ta yi tururi ba. Murfina na waccan rana, robarsa ta bushe har tana marmashewa a hannu.

Fanka kai tsaye ba zan daɗe a kanta ba. Aikin fanka na lokacin da mota ke tsaye ne ko tana rarrafe. In ka hau babban titi, iskar da gudu ke turowa ta fi ƙarfin kowace fanka, don haka motar da ke zafi a kan gudu ba fanka ce matsalarta ba. In kuwa fanka ta daina tashi da kanta, akwai dalili: fis, ko rile, ko na'urar auna zafi, ko motar fankar kanta. Rewayan da ya ja waya daga makulli ya tsallake binciken ne kawai, ya bar ka da fankar da za ta ƙone kafin lokacinta, ta kuma zaɓi ranar da kake tsakiyar gosulon Kurna a Kano.

Ruwa ba ya tsami banza. Motar da ta yi shekara goma tana tafiya lafiya a Turai da wasu shekaru a nan, in ta fara zafi wani abu ne ya canza, kuma lokacin da take yin zafin shi ne shaidar farko. In a gosulo take haurawa, ka samu hanya ta sauka, ka dubi fanka, ka kuma leƙa tsakanin kondensar esi da lagireto, inda ƙurar hunturu da ledoji da fukafukan fara ke taruwa su zama bargo. In a gari lafiya take, sai ka ɗau hanya ka taka totur sannan allura ta tashi, kamar yadda tawa ta yi, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana shaƙewa in inji ya ja. Wasu motocin Jamus suna da famfo mai fukafukan roba da kan saki a kan sandarsa in ya yi zafi. In kuma tana tafasa jim kaɗan bayan tayarwa, tiyon da ke ɗauke da tamostat da sanyi inji kuwa kamar wuta, to a nan ne ake tuhumar tamostat, kuma tukunyar mai shayi tana nan. Motar da ke rage ruwa, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da daddare a ga inda ya ɗiga. In ba ɗigo ko ɗaya amma ruwa yana raguwa, a duba murfin baƙin mai ko akwai abu mai kama da madarar gwangwani, a duba ko kumfa na tasowa a bakin lagireto in an tayar da inji da sanyi, a shinshina hayaƙin salansa ko fari ne mai ƙamshin zaƙi. Waɗannan alamun gasket ne, kuma ba adadin fiya wata da zai warkar da shi. Masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto don toshe yoyo, su sani abin da ya toshe huda zai toshe bututu.

Na bar shawararsa ta ƙarshe zuwa nan domin ita ce za ta iya kai mutum asibiti. Ruwan da ke cikin lagireton da ya yi zafi ya wuce digiri 100, matsi ne kaɗai ya danne shi. Ka murɗe murfi, matsin ya tafi, ruwan ya zama tururi nan take ya yi tsiri sama da kan mutum. Na taɓa ganin yaron mota a bakin hanyar Wudil da ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe murfin wata mota Sharon. Tsumman ya jiƙe da tafasasshen ruwa ya manne, da aka cire shi fatar hannun ta biyo shi. Ita ma motar ba ta tsira ba in aka ɗura mata ruwan sanyi tana cikin wannan hali, domin alminiyam da ya yi zafi ya ji sanyi farat ɗaya yakan lanƙwashe ko ya tsage, kamar kofin tangaran da aka zuba wa ruwan ƙanƙara bayan shayi.

In allura ta fara haurawa kana tafiya, ka kashe esi, ka kunna hita har ƙarshe ka sauke gilasai. Za ku sha zufa, amma hita ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi daga inji, in dai ba a riga an toshe tiyonta ba, domin wannan ma yana cikin hidimar da ake yi wa motocin Kwatano. In hitar ta huro iska mai sanyi alhali allura tana sama, ruwa ya ƙare ko ba ya zagayawa, ka tsaya nan take. In ka ga tururi ko allura ta taɓa ja, ka sauka daga kwalta ka kashe inji, ka ba shi aƙalla rabin sa'a. Kada allurar da ta faɗo da kanta bayan ta kai ja ta yaudare ka, wani lokaci ruwan ne ya ƙare har na'urar auna zafin ta koma auna iska. Sai tiyon sama ya huce har kana iya riƙe shi, ka matsa ka ji ya yi laushi, sannan ka ɗora tsumma mai kauri ka murɗa murfin zuwa rabi, fuskarka a gefe. A wannan hali kowane ruwa mai tsabta ya yi, a zuba a hankali. Amfaninsa ya kai ka gareji mafi kusa. Ni na mayar da shi guzurin zuwa Kaduna, na kuwa biya.

Tamostat ɗin nan da ya yi shekara biyu a leda, shi dattijon ya mayar cikin injin da sabuwar roba, ya sa sabon lagireto da sabon murfi, ya kwance wayar da aka taɓa ja wa fankar motar kai tsaye ya canza rilen da ya mutu. Yanzu in na tayar da mota allura tana hawa cikin 'yan mintuna ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan, a nan take zama ko a Kurna ko a kan hanyar Zariya, da esi a kunne. Tsohon lagireton ban sayar wa 'yan gwangwan ba, yana jingine a bayan gida da tankinsa a ɓalle. In ɗan uwana marubuci ya shigo Kano, ina gayyatarsa ya zo ya zura tsinke a bututun ya ƙirga nawa ne za su bar shi ya wuce.